Uku Taro Ne

Ni ce magatakardar wannan ƙaramin gari
da ke jin numfashin Kanada a ƙeyarsa.
Shekara ashirin da biyu makullin zauren majalisa na hannuna,
kuma aikina mafi girma
shi ne kada in murɗa shi ranar Talatar farkon wata.

Kafin ranar nakan fita da takarda da ƙusa huɗu
zuwa allon bakin gidan waya:
ga rana, ga lokaci, ga abin da za a tattauna.
Gadar rafin Sorley. Kuɗin kwashe ƙanƙara.
Ƙorafi kan karen Vernell Aasen, karo na uku.
Iskar tafki ta zo ta ɗaga gefen takardar,
sau da yawa ita kaɗai ce mai karatu.

'Yan majalisar su biyar ne.
Biyu hira ce. Uku taro ne.
Lissafin da nake biya musu ke nan kamar 'yan aji ɗaya.

A shagon kofi na Ardis
Gunnar Rustad da Lyle sun duƙufa kan maganar gada,
sai ga Twila Okerlund ta turo ƙofa, farin sanyi a kafaɗarta.
Ta tsaya. Ta ƙirga su da ido.
Ta ɗauki kofinta ta koma can bakin taga,
ta ba su baya,
mutanen da suka yi famfara tare.

Gunnar ya taɓa tare ni a wurin shan mai:
Marlys, garin mutum ɗari shida,
wa zai ɓoye wa wani me?
In kira Lyle, Lyle ya kira Twila,
kafin Talata tuwo ya nuna.
Na ce, wayar da ta ratsa kunne uku
ai zaure ce, kujerar baƙo ce kawai babu.
Ya ja tsaki ya rufe tankinsa.
Bai kira ba. In ma ya kira, ban ji ba.

Gaskiya akwai daren da muke ja da ƙofa,
in lauya ya zo da maganar shari'a,
ko za a yanke farashin fili.
Amma sai an faɗi dalilin a bainar jama'a tukuna,
sannan in roƙi mutane su ɗan jira a baranda,
ina jin nauyin idonsu ta cikin katako.

Janairun bara ƙanƙara ta kai gwiwa.
Na jera kujeru goma sha biyu kamar kullum,
ba wanda ya zo.
Gunnar ya dube su ya ce a taƙaita.
Na karanta jadawalin daga sama har ƙasa, da ƙarfi,
ga kujerun ƙarfe masu sanyin jiki.
Akwai mai magana daga jama'a?
Tukunyar ɗumama ɗaki ta yi tari.
Lyle ya duba agogo.

Sai ƙofa ta yi ƙara.
Ione Brekke, shekara tamanin da ɗaya,
sanda a hannu, takalmin mijinta a ƙafa.
Ba ta zauna ba.
Ta ce, gadar da za ku rufe,
ta nan motar iskar numfashin Harlan ke bi duk Alhamis.
Zagayen mil tara ne, kuma ba a share shi da sanyi.

Wannan ba ya cikin rahoton injiniya.
Twila ta cire tabarau. Aka ɗage ƙuri'a.

Ba na ce an gyara gadar ba.
Har yau ana neman kuɗi, an dai kafa mata tokara.
Harlan ya rasu da bazara,
Ione ba ta ƙara zuwa ba.

Abin da na rubuta a littafi layi ɗaya ne:
Mutum ɗaya ya halarta, bakwai da minti arba'in da ɗaya.

Gobe Juma'a.
Ƙusa huɗu na aljihun rigar sanyina,
ɗaya ta soma tsatsa.