Dangwale

Ɗakin yana bayan sashen wanki,
inda kwalta ta ƙare, darbejiya ta fara.
Baba Barau ke riƙe da makullin,
shekara talatin yana buɗe shi da bisimilla,
yana rufe shi da tari.

Ni sabuwa ce. Aikin wata shida aka ɗauke ni:
in ɗaga takarda, in shimfiɗa a kan gilashi,
haske ya bi ta kanta sau ɗaya,
ta shige na'ura. Sai ta gaba.

Kafin in zauna sai da ya zaga da ni.
Ga sirinjin gilashi, in ji shi,
da ake dafawa a tukunya kamar ƙwai.
Ga sikelin jarirai, tasarsa ta lotsa a tsakiya;
rabin masu shaguna a Kwari nan suka fara kwanciya,
kilo uku-uku, ba mai ko sisi.
Ga ƙahon katako na ungozoma,
baki ɗaya a ciki, baki ɗaya a kunne.
Kusa da shi ƙahon wanzami,
wani tsohon likita ya ce a ajiye,
wai shi ma malami ne, farar riga ce kawai bai samu ba.
A kwalba, dutse kamar goruba
da aka ciro daga marar wani mahauci.
Mahaucin ya riga mu gidan gaskiya, dutsen na nan,
ɗalibai na zuwa gaishe shi duk shekara.

Sai fayiloli, har rufi,
an ɗaɗɗaure su da igiyar rama.
Gara ta bi wasu ta gefe,
ta cinye sunan, ta bar cutar.
Baba ya ce: kar ki karanta, 'yata,
mai karanta su ba ya gama aiki.

Na ji maganarsa wata uku.

Wata Laraba bayan azahar aka ɗauke wuta.
Na zauna jiran janareta
da kati a hannu, ruwan ƙasa, kusurwa a naɗe.
Tabawa Mato. Yakasai.
Shekaru: kimanin ashirin da biyu.
Kimanin.

An kawo ta ƙarfe biyun dare.
Jini. An nemi leda biyu, an samu ɗaya.
Layi uku da jan biro, sai lokaci, sai sa hannun likita
kamar sawun kaza a taɓo.
Can ƙasa, da wani rubutun dabam, mai natsuwa:
jaririya mace, da rai, kilo biyu da ɗigo takwas.

Ba ni da hotonta.
Abin da ya rage nata a gidanmu
kwalla ce guda da murfinta ya ɓata.
Kaka ta ce goshinta na ɗauko,
gwaggo ta ce a'a, tafiyar ce.

Amma a bayan katin, a takardar amincewa,
inda aka ce mara lafiya ta sa hannu,
dangwale ne.
Shuɗin tawada ya koɗe,
babban yatsa, ya ɗan goce gefe,
ko riƙe mata hannun aka yi,
ko naƙuda ce ta murɗa daidai lokacin.

Na ɗora nawa a kai.
Nawa ya rufe shi duka.
Yanzu na girme ta da shekara bakwai.

Wuta ta dawo, fanka ta ci gaba da ƙorafinta.
Na shimfiɗa katin a gilashi,
haske ya bi ta kansa sau ɗaya,
na'ura ta ba shi lamba, ta nemi na gaba.

Baba Barau bai tambaye ni komai ba.
Ya dubi katin, ya dubi goshina,
ya tafi can ƙuryar ɗaki da jan ƙafarsa,
ya sauko da sikelin,
ya goge tasar da hannun rigarsa,
ya ajiye a kan teburina.
Wannan ne, ya ce. Lokacin ba mu da wani.

Na sa tafin hannuna a ciki.
Allurar ta yi rawa, ta yi rawa,
ba ta tsaya ba har aka kira la'asar.