Zobe Cikin Zobe

Mutari ya shimfiɗa takarda bisa falalen dutse,
ya danne kusurwa huɗu da tsakuwa huɗu,
ya ce, "Ga Damagaram."
Na duba, ban ga ƙofar gidanmu ba,
ban ga mai ƙosan bakin Zango ba,
sai jajayen zare suna kewaya juna
kamar an jefa dutse a tabki, ruwan ya ƙi kwanciya.

Ya ce, "Dunƙule hannu."
Na dunƙule. Ya zaro biro,
ya zagaye kowace gaɓa, zobe cikin zobe.
"Buɗe." Na buɗe. Tuddan suka kwanta,
zobban suna nan.
"To haka ake kwantar da tsauni a takarda.
Inda layi ya matsi layi, gwiwarka za ta gaya maka.
Inda suka ba juna wuri, sha ruwanka a nan."

Shi busol yake ce mata tun yana awon ƙasa,
ni kamfas na gani a littafi.
Allurar ba ruwanta da suna:
ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya
da jan bakinta wajen Tanut.
"Juya takardar ta yarda da ita.
Duniya ba za ta juyo dominka ba."

Ya zuba mini tsakuwa goma a aljihun dama.
Duk mita ɗari, ɗaya ta yi ƙaura zuwa hagu.
Ya nuna ɗigo da farce:
"Kuka ce, bayan tudu na uku. Mu gamu can."
Ya saɓa butarsa, ya ɓace tsakanin duwatsu.

Duwatsun nan uwa ɗaya uba ɗaya ne.
Wanda na riƙe shaida, mai kama da raƙumi a gurfane,
na waiwaya, sai ga raƙuma bakwai.
Tsakuwa ta ƙare a dama,
ƙarangiya ta cika mini wando,
babu kuka, babu inuwarta.

Wata yarinya mai kiwo, Cima in ji ƙanenta,
ta dube ni, ta dubi takardar,
ta tambaya ko laya ce.
Ta turo baki gabas: "Ai can ne."
Na gode mata, amma ban bi bakin ba.
Na zauna. Na ji kunya har tafin ƙafa.

Da na sunkuya, wani abu ya yi lilo a ƙirjina:
makullin babur, da igiyarsa.
Na kai shi kusa, allura ta biyo shi
kamar akuya ta ga dusa.
Na cire, na tura shi can ƙasan jaka.
Allura ta numfasa, ta koma gidanta.
Tun safe ashe ƙirjina nake bi
ina kiransa arewa.

Ja da baya ga rago ba gudu ba ne.
Na koma falalen da na sani,
na mai da tsakuwa dama, na sake ƙirga.
Tudu na ɗaya. Kwazazzabo, yadda zare ya lanƙwasa.
Tudu na biyu, mai matsattsun layi,
gwiwata kuwa ta gaya mini.
Na uku.

Babu kuka.
Kututture ne, faɗinsa ya kai tabarma,
Mutari a kai yana fifita gawayin shayi.
"Takardar ta girme ka," ya ce.
"Itace yana tafiya, rijiya tana rufe ido.
Dutse ka tambaya."
Bai tambaye ni abin da ya tsai da ni ba,
kofin farko dai ya riga ya huce.

Da magariba na zauna alwala,
na ga tsaunuka huɗu a bayan hannuna.
Ruwa ya bi ta kwarin da ke tsakaninsu,
daidai inda takarda ta ce zai bi.