Akwati na Arba'in da Bakwai

Shekara talatin da ɗaya ina jingine kekena
a jikin katangar gidan ajiyar tarihi na Deventer,
yayyafi na bin wuyan rigata,
in hau bene, in ce wa Oosterhuis mai tsaron takardu,
"Akwati na arba'in da bakwai."
Ya daina tambayata tun kansa bai yi furfura ba.

A ciki Diewertje take,
matar mai ɗab'i, 'yar mai kyafa kifi,
wadda malaman da suka koyar da ni
suka sallama da kalma biyu:
"da matarsa."

Littafin lissafin shago na fara buɗewa:
kuɗin tawada, kuɗin kyandir, bashin da ake bin limamin coci.
A gefen shafi, da siririn rubutu,
baiti goma sha huɗu
kan jaririn da aka binne ranar da kogi ya daskare.
Na san baitocin. Na haddace su ina 'yar makaranta,
da sunan mijinta a ƙasa.
Amma nan ga inda ta soke kalma, ta sake,
ga inda hannunta ya yi rawa.

Sau uku kwamiti ya hana ni kuɗin bincike.
"Wietske," in ji shugaban sashe, yana goge tabarau,
"tarihin adabi ba ɗakin girki ba ne."
Na dafa dutsen. Romon ya zo da sanyi:
kujerar farfesa ina da hamsin da takwas,
gwiwa ta riga ta fara ƙorafin bene.

Shekara tara a rayuwarta
ba ta bar min ko ɗigon tawada ba.
Mawallafi ya ce in cike gurbin.
Na bar masa shafin fari.
Shirunta ma nata ne.

Yau aka yi min bikin sallama.
Furanni, jawabai, cuku a faranti.
Na ba Jantien lambar akwatin, na ce ta wanke hannu tukuna.

A gida, bisa kabad, akwai gwangwanin biskit,
wasiƙun mahaifiyata a ciki, ɗaure da zaren ulu.
Ta rasu a Zwolle ran wata Talata
ina can ina karanta hannun wata matar.
Na sauko da shi.
Murfin ya yi tsatsa, sai da na sa wuƙa.