Abin da Duhu Ya Ajiye

Wayar Mutari ta kwana uku a shagona,
cikin leda, bayan injin buga hoto,
kafin na iya kunna ta.
Inna Cima ce ta kawo, ƙulle a haɓar zane:
"Barira, ya ce tabkinmu na ciki.
Fito min da shi in rataya."

Na buɗe. Baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Sama kaɗai ta tsira, wani siririn ja
kamar yankan reza a yatsa,
sauran duk dare.
Yayana bai taɓa iya ɗaukar hoto ba.
Ya fuskanci rana tana faɗawa bayan duwatsu,
waya ta ji haske ya yi mata yawa,
ta runtse ido.

Shekara tara ina gyaran fuskoki a Zango,
in share ƙurji, in sauya bango,
in sa wa mai neman fasfo kwat ɗin da ba tasa ba.
Hannuna bai taɓa rawa ba sai yau.

Na ja sandar haske a hankali,
kamar mai jan guga
a rijiyar da bai san zurfinta ba.
Duwatsu suka fara tasowa,
manyan nan na bayan Birni
masu kama da giwaye a durƙushe.
Sai gawo, tsirara, don damina ce.
Sai ruwa, shimfiɗe, da balbela biyu a baki.

Na ɗaga inuwa, na kwantar da sama
don kada ta ƙone ta koma farar takarda.
Na rage shuɗin da waya ta ƙaga,
na mayar wa ƙasa janta.

Can ƙasa, ta hagu, kan falalen dutse,
wani abu ya fito da ban nema ba.
Na matso da shi.
Takalman soso ne. Ɗaya a kife.
Ashe ya tuɓe su ya hau sama da ƙafa
don ya samu ruwan duka.

Nan kwaɗayi ya kama ni.
Na ce in takalmi ya fito, mai shi ba ya nesa,
ko inuwarsa, ko gefen yatsa a bakin gilashi.
Na ja sandar har ƙarshe.
Hoton ya fashe da tsaki-tsaki,
kore da ja, kamar an watsa gero a tabarma,
duwatsu suka yi fari kamar masu ciwo,
tabki ya zama toka.
Babu Mutari.
Yana inda mai ɗauka yake tsayawa kullum,
a bayan komai.

Sai kuran ya ɗauke.
Na zauna cikin zafi, fanka na ƙarasa juyinta,
kabu-kabu na wucewa, mai shayi na kiran yaronsa.
Ban ajiye aikin ba. Ban kuma ji haushi ba.

Da wuta ta dawo na sake daga fari.
Wannan karon na tsaya a rabi.
Na bar wa gindin duwatsu duhunsu,
na bar ƙarƙashin gawo yadda ya same shi.
Takalman kaɗai na shafa wa haske,
ɗan kaɗan, kamar mai a leɓe.

Na buga babba, na jaka biyu, ban karɓa ba.
Inna ta riƙe shi nesa, ta kawo kusa.
"Har yanzu da duhu."
Na ce magariba ce, Inna, haka ta same shi.
Tabkin dai an cike shi bara,
an yanka fili, har wani ya kai linta.

Ba ta dubi ruwan ba.
Ta ɗora yatsa a kan na kifen,
tana ƙoƙarin juya shi da farce.
"Yaron nan," ta ce,
"bai taɓa ajiye takalmi daidai ba."