Inda Ruwa Ya Kauce

Shekara biyu ke nan da aka cire mini ƙodar hagu.
Ta daman ita kaɗai take aikin biyu,
ba ta taɓa kai ƙara ba.

Duk wata shida nakan baro Wurno da asuba,
ban karya ba, sai gorar ruwan da aka ce in shanye.
Attahiru ya rungume katina a ƙirji
kamar za a ƙwace masa a tasha.
Ban faɗa masa ba:
ran Talata fitsarina ya yi launin zoɓo.

Ɗakin hoton ya fi randa sanyi.
A waje Sakkwato na gasa duwatsu,
ni kuwa ina neman bargo.
Suka kwantar da ni, hannuwa sama,
gadon ya ja ni cikin farin zobe.
Allurar ta saki ruwanta,
ɗumi ya bi jijiya har mara,
bakina ya yi ɗanɗanon tsohon kwabo.

Ja numfashi, Baba. Riƙe.
Na riƙe.
Abin da na riƙe ya fi numfashi yawa.

Shekara talatin ina ban ruwan albasa.
Ba sai an koya mini ba:
in ka sako ruwa ya bi kwata sumul, ka yi hamdala,
in ya zo wuri ya rabu biyu, ya kewaye,
akwai abin da ya zauna.

Dakta Lubabatu ta juyo mini fuskar na'urar.
Ga ƙodata, ƙwayar wake mai haske.
Ga siririn bututu yana gangarowa mafitsara,
fari fat, kamar Rima a daren sha huɗu.
Sai ta sa bakin biro a wani wuri.
Ɗan duhu, bai kai ƙwayar dawa ba,
hasken ya ratse masa.

Ta ce yana iya zama gudan jini, ko tsakuwa,
yana iya zama baƙon nan ne ya dawo.
Hoto nuni yake, ba ya rantsuwa.
Za a zura ido a leƙa, a ɗebo kaɗan a auna.
In ma shi ne, ta ce, mun gan shi tun yana rarrafe.

Attahiru yana kallon silin.

Na ce, Likita, dashe ya kusa.
Ta ce, Litinin.

A bakin ƙofa na sayi ƙosai na ɗari biyu,
da zafinsa.
Kulu ta kira sau uku.
Bari in gama ci tukuna.