Malamar Jemagu

Litinin ina Kucing, aji a hawa na uku,
fanka na juyi a kan ɗalibai tamanin da biyu.
Na zana fiffike a allo:
ga babban yatsa, ga sauran huɗun sun miƙe,
fata ta bi tsakaninsu kamar laima.
Na ce, "Hannu ne wannan, irin naku."
Wani yaro can baya, Fazrul,
ya ɗaga nasa, ya daɗe yana dubawa.
Don wannan dubawar nake karɓar albashi,
ko da takardar ɗaukar aiki ba ta faɗa ba.

Alhamis ina cikin kwalekwale.
Kogin Baram ya sha ruwa ya yi jajawur,
tsoho Gerinang na riƙe da inji.
Bai taɓa ce mini Dakta ba,
sai sunan da kakata ta raɗa mini:
"Empiang, duba ƙafarki, matsattsaku ta samu abinci."

Kafin faɗuwar rana muka kafa raga a bakin kogo.
Warin kashinsu ya shiga gashina, ya shiga littafina.
Ƙarfe shida da 'yan mintoci
dutse ya buɗe baki ya feso hayaƙi mai rai,
yana murɗewa, yana hawa, yana kuka siriri.
Na'ura za ta ba ni adadi gobe.
Amma ido, ko ba mudu ba ne, ya san kima:
hayaƙin bana bai kai na bara kauri ba.

Na kwance ɗaya daga raga, mace ce,
giram goma sha ɗaya,
zuciyarta na bugun tafina kamar agogon da ya zauce.
Zoben hannunta ni na sa mata
tun ɗana bai fara tafiya ba.
Yau shi ke tambayata a waya yaushe zan dawo.
Ita ba ta tambaye ni komai ba,
ta ciji safar hannuna, na sake ta.

Bayan tudun nan ana sare daji, ana dasa kwakwar manja,
layi-layi, tsaf, ba ko ƙwaro.
Na rubuta. Mujalla ta maido, wai a ƙaro alƙaluma.
Kwamitin ƙarin girma ya ƙirga takarduna, bakwai,
goma ake so.
A jami'a 'yar daji suke ce mini,
a ƙauyenmu kuma 'yar jami'a.
Tsuntsaye na ganin haƙora, ɓeraye na ganin fiffike.
Na san wannan zama.
Ni ma a rataye nake kwana.

Daren Lahadi, fitila, shayi ya huce,
takardun jarrabawa sun kai gwiwar hannu.
A ta hamsin da ɗaya na ga zanen hannu,
an ja fata tsakanin yatsu da jan biro,
a ƙasa kuma, da ƙananan haruffa:
"Malama, akwai sauran wuri a kwalekwalen?"

Sunan ƙashi biyu ya kuskure,
na ba shi hamsin da takwas, ban ƙara ko ɗaya ba.
Sannan na rubuta a gefe:
Sayi takalmin roba.
Taho da gishiri, saboda matsattsaku.
Ka gaya wa mahaifiyarka ba a samun waya a can.