Gaba Talatin

Babana Neino maginin rijiya ne,
ran Lahadi kuma dattijo a majami'ar Sabon Gari.
Yana da wani kaye mai baƙin bango
da guntun fensir ɗaure da zare.
Ciki ya jera kakanni tun daga Adamu,
wane ya shekara kaza ya haifi wane,
ya tara, ya ja layi:
dubu shida da 'yan kai.
"Ga shekarun ƙasar da kike takawa, Rahila.
Wahala ce ta sa take kama da tsohuwa."

Ba haka ya fara jin zancen ba.
Baturen da ya koya masa baƙi a Tsibiri,
mai Hausa kamar yana tauna tsakuwa,
cewa ya yi kwana shidan nan
ba irin na tsakanin kasuwa da kasuwa ba ne,
yini ɗaya na iya haɗiye zamani guda.
Baba ya riƙe haka shekara ashirin,
bai taɓa hana shi barci ba.

Bayan babbar yunwa wasu suka zo da majigi,
aka ɗaura farin zane tsakanin bedi biyu.
Suka ce yini yini ne, safiya da maraice,
wanda ya ja shi ya tsinka igiyar guga.
Duwatsu da ƙasusuwa duk aikin Ɗufana ne.
Baba ya yarda, don ya san halin ruwa:
yana yaro Gulbi ya ci tsohon Maraɗi,
aka kwashe mutane aka hau tudu,
ya ga dare ɗaya ya binne rumbu har wuya.
Washegarin majigin ya sayi kayen.

Fada na Katolika, mai babur mai tari,
ya leƙa shafin ya yi murmushi:
"Neino, ba a auna waƙa da tiya."
Alhaji Tsalha mai awon gyaɗa ya ce,
"Yinin Allah ba naka ba ne, miƙo shayi."
A majami'armu kuwa sai da benci ya rabu,
masu gajeren yini dama, masu dogo hagu,
mata a baya suna raira abu ɗaya.

Ni na tafi Yamai karatun duwatsu,
na dawo da miliyoyi cike da baki.
Na zube masa su kan tabarma bayan tuwo,
ina jiran tsawa.

Ya tashi ya shiga ɗaki,
ya fito da gwangwanin madara mai tsatsa, ya kife.
Katantanwa ta zama dutse.
Guntun icce mai nauyin ƙarfe.
"Daga gaba talatin, wajen Dakoro.
Ko uwarki ba ta taɓa gani ba.
Na ce Ɗufana ce, na sake cewa Ɗufana ce,
amma hannu ya san lakar jiya
da wadda ta manta ranar da ta kwanta.
Diga ba ta yi mini ƙarya ba,
Maganar Allah ba ta yi mini ƙarya ba.
Ni ne a tsakani, da igiya a ƙugu."

Ya lashi fensir.
"Sifiri nawa kika ce?"
Na faɗa. Ya rubuta a shafin ƙarshe,
a hankali, kamar mai jera ƙwai,
bai soke na farko ba.
Da asuba ya ɗauki diga,
akwai rijiyar da ke jiransa a Sumarana.

Yau kayen da gwangwanin suna wurina.
Gara ta ci daga Nuhu zuwa Ibrahim.
Katantanwar kuwa ɗana ke wasa da ita,
yana kara ta a kunne,
wai yana jin ruwa.